Zanen Jiki da Hatimin Baftisma

Akwai wata tambaya da iyaye ke yawan kawo mana bayan Misa. Yaro ya tafi karatu birni, ya dawo hutu da zane a damtse ko a wuya, irin wanda ake yi da allura da tawada, wanda sabulu ba ya wankewa. Uba ya ce an ja wa gida abin kunya. Yaro ya ce jikinsa ne, kuma zanen yana bayyana ko shi wane ne. Uwa kuwa sai ta zo da hawaye: "Fada, zunubi ne? Zai iya karɓar Jikin Kristi?"

Kafin mu yanke wa yaran hukunci, mu tuna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da yawa cikinmu muna ɗauke da tsagar da wanzami ya yi mana tun muna jarirai, kuma iyayenmu mata sun yi jarfa don ado. A da, da ganin fuska ake sanin Bagobiri ko Babarbare, kuma yaron da ya ɓata a lokacin yaƙi ana iya gane danginsa ta tsagarsa. Yau Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana a yi wa ƙaramin yaro tsaga ko zane a Nijeriya. Amma darasin bai ɓace ba: alama a jiki tana faɗin na wane ne mutum.

Wasu sukan kawo Littafin Firistoci 19:28, inda aka hana Isra'ilawa tsattsaga jiki saboda matattu ko yin zane a fata. An ba da wannan doka ne don a raba jama'ar Allah da al'adun makoki da bautar gumaka na maƙwabtansu. A cikin wannan sura kuma aka hana rage gefen gemu da sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu, ba kuwa wanda ke ɗora wa Kirista waɗannan. Ikilisiya ba ta da dokar da ta ce kowane zanen jiki zunubi ne. A watan Maris na 2018, marigayi Paparoma Faransis ya gaya wa matasa a Roma kada a ji tsoron zanen jiki. Ya tuna da Kiristocin Eritiriya masu gicciye a goshi, ya ce matsalar ita ce wuce gona da iri, ya kuma shawarci masu shirin zama firistoci su mai da zanen ƙofar fara hira da matashi.

To, ashe yaron ne da gaskiya? A nan ma sai mu dakata. Maganar nan "jikina nawa ne" ba maganar Kirista ba ce. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa jikinmu haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, kuma an saye mu da tsada (1 Kor. 6:19-20). Jiki amana ne. Mai riƙon amana yana iya ƙawata abin da aka ba shi, amma zai ba da lissafi ga mai shi.

Misali biyu za su taimake mu. Kiristocin Kibɗawa na Masar sun daɗe suna zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu. Wanda ke da shi ba ya iya ɓoye bangaskiyarsa ranar tsanani. Da hannunsa ya rufe wa kansa ƙofar musun Ubangiji. Sai kuma Josefin Bakhita Mai Tsarki, 'yar Darfur, wadda aka sace tana yarinya aka sayar. Uwargijiyarta ta sa aka yi mata tsaga 114 a jiki, aka cusa gishiri a ciki, kamar yadda ake sa wa dabba shaida. Ta ɗauki tabon har mutuwarta a 1947. Amma da aka yi mata baftisma a Italiya a 1890, ta gane cewa Ubangijinta na gaskiya shi ne wanda ya ɗauki raunuka dominta. An tsarkake ta a shekara ta 2000. Alama ɗaya shaida ce, ɗaya kuwa sarƙa ce, ko da yake duka a fata suke.

Saboda haka, matashin da ke tunanin yin zane ya tambayi lamirinsa. Me wannan hoto ke faɗa? Idan alamar ƙungiyar asiri ce, ko tsafi, ko batsa, ko ƙiyayya, to zunubi ne, domin ya ba wani ubangiji abin da yake na Kristi. Zan iya ɗaukarsa ba kunya ina da shekara 60, a gaban jikokina? Gogewa tana da tsada da zafi, sau da yawa kuma takan bar tabo. Kayan aikin suna da tsabta? Allurar da aka yi wa wani amfani da ita tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, kula da lafiya kuwa wajibi ne. Na saurari iyayena? Kuɗin fa, ba na makaranta ba ne?

Ku iyaye, kada ku kori ɗa saboda tawada, kada kuma a hana shi kusantar bagadi saboda ita kaɗai. Ku zaunar da shi, ku tambaye shi ma'anar abin da ya zana. Wataƙila sunan kakarsa ce da ta rasu. Wataƙila kuka ne na wanda yake jin ba a ganinsa a gida.

Dukanmu mun riga mun karɓi alamar da ba ta gogewa. Ranar baftisma firist ya yi mana alamar gicciye a goshi, Ruhu Mai Tsarki kuma ya buga hatiminsa a ranmu har abada. Ido ba ya ganin wannan hatimi sai ta wurin halinmu, hali kuwa zanen dutse ne. Wanda ke son duniya ta san ko shi wane ne, ya fara daga nan. Allah ya ba mu alherin girmama shi da jikunanmu. Amin.