Sai da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Magabata da suka yi wannan karin magana sun san rijiya tana iya cika maƙil, amma idan ƙishirwa ta riga ta karya mai guga, to, cikarta ba ta amfane shi da kome ba. Saboda haka wajibi ne a kan shugaba, idan fatara ta sauka a ƙasa, ya fara ba talaka abin da zai tsayar da ƙafarsa. Sai dai hikimar ba ta tsaya nan ba, domin ruwan cikin nan saboda rijiyar ake shan sa.

Shugabanninmu sun sha riƙe rabin maganar su saki rabi. Da kuɗin man fetur ya faɗi, Shehu Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, Babangida ya biyo da shirin SAP a 1986, aka umarci jama'a da haƙuri, alhali kuwa jirgin ƙasa, wanda ya mai da Kafanchan mahaɗar hanyoyi tun 1927, yana mutuwa a idon kowa, tare da abincin leburori da 'yan dako da matan da ke talla a tasha.

A 2023 kuma, bayan Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, aka ware wa kowace jiha naira biliyan 5, aka yi rabon shinkafa. Ba na raina wannan, gama mai yunwa ba ya jin wa'azi. Amma a daminar 2023 ɗin ce annoba ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a, ita kuwa citta, kamar yadda kowane manomi a Kwoi ya sani, daga jikinta ake cire irin baɗi, ta yadda wanda gonarsa ta ruɓe ya yi asarar amfanin bana da jarin shekara mai zuwa a lokaci guda. Mudun shinkafa zai kai shi mako, ba zai mayar masa da iri ba.

Musulmi da Kirista a Kafanchan duk sun san ƙissar Annabi Yusuf, wanda ya cika rumbunan Masar tun shekarun yalwa ba su ƙare ba. Mu kuwa shekarun yalwar fetur sun wuce ba a yi tanadi ba, har ya zamana baitulmalin da ake jira ya ciyar da manomin citta shi kansa da bashi yake cin abinci.