Waya ba ta da zaure

A gidan kakana da ke cikin birnin Zariya, baƙo ba ya wuce zaure. Zai yi sallama, a turo yaro, yaron ya shiga ya dawo da amsa. In aka ce Malam ya shiga ciki, shi ke nan sai gobe, kuma ba wanda ke ɗaukar haka wulaƙanci. Ni kuwa jikansa akawu ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, kuma maigidana yana shigo mini har ɗakin kwana ƙarfe sha ɗayan dare, ta wayar da ke ƙarƙashin matashina. "Turo min lissafin motar da ta tafi Funtuwa." Na gani, ya kuma san na gani, tunda WhatsApp ya nuna masa alama biyu masu shuɗi.

Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, mallakarta alfahari ne. Ban san igiya muke saye da kuɗinmu ba.

Na daɗe ina tambayar kaina: in na ƙi ɗaga wayar nan, na ci amanar aiki ne? Albashi dai amana ne, ban musa ba. Amma abin da na sayar wa kamfani yini ne, daren ban sa shi cikin ciniki ba. A Suratun Nur, aya ta 58, an ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa iyayensu: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutu, da bayan isha'i. To in ɗan da na haifa sai ya nemi izini, ina ga lissafin buhunan shinkafa? Salmanul Farisi ma da ya tarar Abu Darda'i ya duƙufa kan azumi da tsayuwar dare har matarsa ta daina kwalliya, sai ya tuna masa cewa ransa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salman. Ibada ce fa aka ce a rage.

A Faransa, tun farkon 2017 doka ta amince ma'aikaci yana da 'yancin kashe waya bayan an tashi aiki. Mu dokar tana cikin tarbiyyarmu tun da, sakaci muka yi. Ni kaina ban tsira ba: sau nawa matata Hajara ke ba ni labarin makarantar yara ina "uhm, uhm", idona a kan waya, alhali ba maigida ne ya kira ba?

Tun watan jiya, da na idar da isha'i sai in ajiye wayar a falo. Ranar farko na tarar da kira huɗu da safe. Na je ofis gabana na faɗuwa, maigida ya dube ni ya ce, "Ai na samu a wurin direba."