Karɓar Kai da Gyaran Hali a Koyarwar Kirista: Nazari daga Lafia

Daga cikin tambayoyin da tauhidin Kirista ya daɗe yana fama da su akwai wannan: ta yaya mutum zai yarda da kansa yadda yake, alhali kuma addininsa yana kiransa kullum ya tuba ya sake hali? Abin da ake nufi da karɓar kai a nan shi ne mutum ya daina ƙyamar asalinsa da jikinsa da iyakar ƙarfinsa, ya kuma daina auna darajarsa da abin da wasu suka samu. Gyaran hali kuwa shi ne ci gaban da ake sa ran gani a rayuwar mai bi, daga fushi zuwa haƙuri, daga ƙarya zuwa gaskiya. Matsayin da wannan nazari ya ɗauka shi ne cewa karɓa ce ke zuwa da farko, gyara ya biyo baya, kuma duk inda aka juya wannan jeri, ko dai mutum ya faɗa cikin fid da rai, ko ya koma munafunci.

Lafia, wadda ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, wuri ne da ya dace a duba wannan batu, domin Kiristocinta sun fito daga al'ummomi dabam-dabam, irin su Eggon da Alago da Migili da Mada da Tibi, kuma da yawansu da Hausa suke sujada. Ikkilisiyar ERCC, mai hedkwata a Alushi, ta samo tushe daga aikin 'yan mishan na SUM reshen Afirka ta Kudu tun 1916, an kafa Dayosis ɗin Katolika na Lafia a 2000, ga kuma Angilikan da ECWA da Baftis da majami'un Fentikos masu yawa. Duk da bambancin ɗarikunsu, kalmomin da suke tattauna wannan batu da su, wato alheri da tuba da bangaskiya, sun zauna a bakin jama'a ne ta hanyar Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932.

Tushen karɓar kai a wannan koyarwa abu biyu ne. Na farko shi ne halitta, domin Littafin Farawa ya nuna cewa an yi ɗan adam cikin kamannin Allah, saboda haka darajarsa ta riga duk wani aikin da zai yi. Na biyu shi ne alheri, wato tagomashin da Allah yake yi wa mutum ba don ya cancanta ba, wanda daga gare shi ne ake samun abin da masana tauhidi ke kira baratarwa, ma'ana Allah ya ɗauki mai zunubi a matsayin mai gaskiya saboda Almasihu. Masanin nan Paul Tillich, a littafin da ya wallafa a 1952, ya bayyana bangaskiya da cewa ƙarfin zuciya ne na mutum ya amince an karɓe shi, ko da shi kansa yana ganin bai isa a karɓe shi ba.

Wannan ya shafi asali da harshe kai tsaye. Matashin da ya tashi yana jin kunyar yaren iyayensa ko sunan ƙauyensu, har yana ganin sai ya watsar da su kafin ya zama cikakken mai bi, ya ɗaukar wa kansa kayan da Linjila ba ta ɗora masa ba, domin taron manzanni da aka ba da labarinsa a Ayyukan Manzanni sura 15 ya yanke cewa ba sai mutum ya zama Bayahude kafin ya bi Almasihu ba. Byang Kato, masanin tauhidi ɗan Kwoi wanda ya rasu a 1975, ya tsaya kan cewa ɗan Afirka zai iya zama Kirista na ƙwarai ba tare da ya daina zama ɗan Afirka ba, muddin dai Littafi Mai Tsarki ne ke tace al'adarsa.

Inda abin ya fi wuya shi ne ranar Lahadi, lokacin ba da shaida da baikon godiya. Ana kiran wanda ya sami aiki, da wadda ta haihu, da wanda ya tare a sabon gida, su fito gaba da rawa, dangi na biye da su riƙe da doya da kaji, ganga na tashi, yayin da can a kujerun baya akwai matar da ta shekara goma da aure ba ta sami haihuwa ba, da saurayin da ya gama bautar ƙasa yana haya da babur, suna tafi kamar kowa amma zuciyarsu tana tambaya ko Allah ya manta da su ne. Godiya ibada ce mai kyau, sai dai idan wa'azi ya mai da dukiya da haihuwa ma'aunin bangaskiya, to wanda bai samu ba zai ɗauka laifinsa ne. Manzo Bulus ya ba da labarin wata ƙaya a jikinsa da ya roƙa sau uku a cire masa, ba a cire ba, kuma hakan bai rage masa matsayi a wurin Allah ba.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren, domin mai zafin rai ko mashayi yakan fake da cewa haka Allah ya yi shi, ya kafa hujja da karin maganar nan da ke cewa hali zanen dutse ne. A nan ne koyarwar Kirista ta bambanta halitta da hali: launin fata da ƙabila da naƙasa abubuwa ne da aka ba mutum, sai ya karɓa, amma zalunci da cin amana ayyukansa ne, sai ya tuba. Labarin Zakka mai karɓar haraji a Luka sura 19 ya nuna jerin sarai, domin Yesu ya sauka a gidansa tun bai gyara komai ba, daga baya ne ya yi alkawarin raba rabin dukiyarsa ga matalauta da mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Wannan canji na sannu a hankali shi ake kira tsarkakewa, wato aikin Ruhu Mai Tsarki a rayuwar mai bi, kuma yana kama da noman doya, wadda manomi yake binnewa a kunya ya ci gaba da nome ta watanni, ba ya tone ta kowace safiya don ya ga ko ta yi girma.

Abin da ya rage shi ne alhakin ikkilisiya, domin da wuya mutum ya yarda Allah ya karɓe shi idan 'yan'uwansa masu bi ba su karɓe shi ba. Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa da azuzuwan baftisma, da kuma furta zunubi a gaban fada a wurin Katolika, duk wurare ne da mutum zai iya faɗin rauninsa ba tare da ya zama abin tsegumi ba, idan shugabanni suka riƙe amana. Majami'ar da ta koyar da karɓa ba tare da tuba ba za ta tara mutanen da ba sa canzawa, wadda kuma ta koyar da tuba ba tare da karɓa ba za ta tara masu ɓoye laifi, saboda haka fasto ko fada da ke son ganin gyara a cikin jama'arsa sai ya fara tabbatar musu cewa suna da wurin zama tun kafin su gyaru.