Faifan Da Kwamfuta Ta Ce Ba Ya Karantuwa

A ƙarshen shekarun 1980, mutum uku za su iya shiga kanti ɗaya a Landan su sayi faifan diskit daga kwali ɗaya, ɗan ƙaramin nan mai inci uku da rabi wanda kamfanin Sony na Japan ya fito da shi. Na farko ya sa nasa a kwamfutar IBM, faifan ya ɗauki kilobait 720. Na biyu ya sa a Macintosh, ya ɗauki 800. Na uku ya sa a Amiga, ya ɗauki 880. Roba ɗaya ce, kuɗi ɗaya suka biya. Amma in suka cika faifan da rubutu suka yi musaya, in ba da wata dabara ta musamman ba, babu wanda na'urarsa za ta gane abin da ɗan'uwansa ya rubuta.

Dalili yana cikin abin da masu harkar kwamfuta ke kira fomat. Sabon faifai wata 'yar roba ce zagayayya, sirirya, an shafe ta da garin maganaɗisu, babu layi babu alama. Kafin a ajiye ko harafi ɗaya a kai, sai na'ura ta bi shi ta zana zobe cikin zobe, tamanin a kowace fuska, ta yanyanka kowane zobe gida-gida, ta rubuta wa kowane gida lamba, sannan ta ware wani wuri ta buɗe rajistar da za ta riƙa duba wane fayil ne ke zaune a wane gida. Kamar dai yadda ake yanka fili fuloti-fuloti a kafa duwatsu kafin kowa ya aza tubali. To kowane kamfani da nasa ma'aunin. IBM na yanka kowane zobe gida tara. Amiga na matse goma sha ɗaya, don tana rubuta zoben gaba ɗaya a tashi guda, ba ta barin rata tsakanin gidaje. Injiniyoyin Apple kuwa suka lura zoben bakin faifai ya fi na tsakiya tsawo, sai suka sa motar da ke juya faifan tana sauya gudu, zoben waje ya ɗauki gida goma sha biyu, na can ciki takwas. Dabara ce mai kyau, sai dai na'urar da motarta ke gudu ɗaya ba ta iya bin wannan sawu sai da wata dabara ta musamman.

Ba haka aka faro ba. IBM ce ta fito da faifan farko a 1971, ƙato mai inci takwas, kuma tsarin da ta shimfiɗa masa a 1973 ya zama abin da kusan kowa ya bi. Rikici ya taso ne bayan 1976, da kamfanin Shugart ya ƙera ƙarami mai inci biyar da kwata, daidai lokacin da ƙananan kamfanoni ke ta ɓullowa da kwamfutocin gida, kowa na neman ya rage kuɗin kayan haɗi ya kuma ƙara wa faifai ciki. Steve Wozniak na Apple ya tsara tasa hanyar a 1978 da 'yan kayan aiki ƙalilan, har yau injiniyoyi na yaba wayonsa. Commodore ta kama tata hanyar. Kwamfutocin Osborne da Kaypro kuwa abin dariya ne: manhajar da ke tafiyar da su ɗaya ce, CP/M, masu su duka da WordStar suke rubutu, amma tsarin faifansu daban, har mai sayar da manhaja sai ya tambayi sunan kwamfutarka kafin ya miƙo maka kwali. Aka wayi gari akwai masu cin abinci da sayar da manhajar da aikinta kawai karanta faifan wasu.

Ko a cikin gida ɗaya ba a tsira ba. A 1980 Apple ta ƙara gidajen kowane zobe daga 13 zuwa 16, sai da ta haɗa wa mutane wata manhaja ta kwaso tsofaffin fayilolinsu zuwa sabon tsari. A 1984 IBM ta fito da na'ura mai ɗaukar megabait 1.2, bakin da take rubutu da shi ya fi na tsohuwa siranta. In ta yi rubutu a kan faifan tsohuwa mai kilobait 360, sai ta bar ragowar tsohon rubutun a gefe da gefe. Ita kanta ta karanta lafiya lau, amma da an mayar wa tsohuwar, sai ta haɗa sabo da tsoho ta rikice. Mai faifan ya yi ta rantsuwa jiya ya buɗu a ofis, wanda aka kawo wa ya ce faifan ya lalace, kuma cikinsu babu maƙaryaci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da kwamfuta ke faɗa in aka ba ta faifan da ba nata ba. Ba ta cewa wannan rubutun wata na'ura ce, ban iya shi ba. Macintosh cewa take faifan ba ya karantuwa, ko kana so a share shi a shirya shi sabo? Windows cewa take ba a yi wa faifan fomat ba, ko a yi masa yanzu? Mutum na riƙe da littafin da ya shekara yana rubutawa, na'ura ta dube shi ta ce fili ne fetal, ta kuma miƙo masa maɓallin sharewa da fara'a. Wanda bai san dawan garin ba ya danna “eh”, yana ganin gyara ya yi. Kasawar ta na'urar ce, amma faifan aka ɗora wa laifi, shi ne kuma ya sha hukunci.

Daga baya tsarin IBM ya yi rinjaye, musamman bayan faifai mai megabait 1.44 na 1987. Shi ne aka fi sani a shagunan buga takardu na Kano da Kaduna, inda a da ɗalibai ke kai furojet ɗinsu cikin ambulan. Ba don ya fi sauran kyau ya yi nasara ba. Kun ga na Apple da na Amiga sun fi na IBM ciki a kan roba ɗaya. Yawan masu amfani da shi ne ya ba shi sarauta. A 1988 Apple ce ta sunkuya ta ƙera na'urar da ke karanta nata faifan da na IBM. Kwamfutocin gidan IBM ba su ga dalilin wahalar da kansu su koyi na Apple ba. Marar rinjaye ne ya koyi harshe biyu.

Duk Bahaushen da ya san tarihin rubutunsa, wannan labari ba zai yi masa baƙunta ba. Tun kafin zuwan Turawa ake rubuta Hausa da ajami. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Hausa da Fulatanci da Larabci. Da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kafa boko a matsayin rubutun gwamnati, sai tsarin da ya zo daga baya ya zama ma'auni. Har yau za ka ga dattijon da ke rubuta wasiƙa da lissafin kasuwancinsa da ajami ya je ofis cike takarda, ma'aikaci ya tambaye shi, “Baba, ka yi makaranta?” Ya ce ya yi ta allo, sai a rubuta masa bai iya karatu da rubutu ba, a miƙo masa tawada ya dangwala yatsa. Ma'aikacin ne bai iya karanta rubutun Baba ba, amma Baba aka rubuta wa jahilci. Kuma kamar yadda ta faru da Apple, ɗan allo ne ke zuwa yaƙi da jahilci ya koyi boko, ɗan boko bai cika komawa ya koyi ajami ba. A 2007 ma an cire ajami daga ƙananan takardun naira, daga biyar zuwa hamsin.

Ba ina cewa haɗuwa a kan tsari ɗaya aibi ba ne. Wanda ya sha wahalar faifan da ya ƙi buɗuwa ranar miƙa aiki ya san daɗin ranar da kowace kwamfuta ta karɓi na kowa. Asarar tana kan abin da aka riga aka rubuta da tsarin da ya sha kaye. Sony ta daina yin diskit a 2011, gwamnatin Japan ma ta soke dokokin da ke wajabta amfani da shi a 2024. 'Yar na'urar USB da ake sayarwa yanzu don karanta tsofaffin faifai tana buɗe na IBM ba gardama, amma ba ta iya buɗe na Macintosh mai kilobait 800, saboda motarta gudu ɗaya take yi. Rubutun na nan a kan robar, mai karanta shi ne ya yi wuyar samu.

Don haka mai karatu, in ka ci karo da tsohon diskit a durowar mahaifinka, ka fara tura ɗan makullin da ke kusurwarsa har ramin ya buɗe, wannan zai hana kowace na'ura yin rubutu a kai, kuma in kwamfuta ta nemi yi masa fomat ka ce a'a. Takardun ajamin da ke cikin gafakar kakanka ma kar ka bari a ƙona su ko a ƙulle ƙosai da su. Ɗauki hotonsu da waya, ka kai wa malamin unguwa ya karanta maka.