WA ZA A BA RIƘON KUƊIN MOTA?

Abin mamaki ne yadda mutumin da ba zai ba da bashin mudun gero ba sai ya yi bincike, da zarar an ce za a tafi yawon shaƙatawa sai ya miƙa kuɗinsa da ƙannensa, kai har da ransa, ga duk wanda ya fi zaƙewa a cikin taro. Dalili kuwa wai ai abin wasa ne, a wurin wasa kuma mai yawan tambaya shi ake yi wa kallon mai mugun zato.

Mu ɗauki misali da samari goma sha biyu a Kano waɗanda suka shirya zuwa Yankari bayan Sallah. Wuri ne da ya cancanci a je, domin tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ga giwaye, ga ruwan Wikki mai ɗumi wanda ba ya sauya zafinsa rani da damina. Sai dai tafiyar ba ta nan kusa ba ce. Daga garin Bauchi ma akwai fiye da kilomita 100, kuma bayan an shiga ƙofar dajin da sauran tafiyar kusan kilomita 40 kafin a kai masauki. To, a irin wannan shiri wani zai karɓi kuɗin karo-karo, wani ya ce shi zai samo bas, wani kuma ya bugi ƙirji ya ce a bar masa zancen ɗakuna, ya san wani a can.

Tambayar da mukan yi game da kowannensu guda ce: mutumin kirki ne? Idan an ce e, shi ke nan, magana ta ƙare. A ganina nan ne kuskuren yake. Kirki daban, iyawa daban. Akwai wanda ko sisin kwabo ba zai ci maka ba, amma ka ce da shi ƙarfe shida na safe, sai hantsi ya dubi ludayi za ka gan shi yana murmushi. Akwai kuma wanda ya san hanya kamar tafin hannunsa, amma kuɗi ba sa kwana a aljihunsa. Wanda ya ba na farko neman mota, ya ba na biyu riƙon kuɗi, bai yi musu adalci ba, domin ya ɗora wa kowa kayan da ba zai iya ɗauka ba, gobe kuma zumunci ya ɓaci a kan abin da tun farko an san zai faru.

Saboda haka kafin a auna mutum, a fara auna abin da za a danƙa masa. Idan wanda ya ɗauki nauyin soya kaji ya saɓa, iyaka a sayi burodi a hanya, abin ya zama na dariya shekara da shekaru. A nan a saki jiki a yarda da kowa, don wanda ya ce sai ya bi diddigin kowane ƙullin yaji ya kashe daɗin tafiyar tun ba a tashi ba, kuma mun san irinsu, ba a sake gayyatarsu. Amma lafiyar tayoyi da birki, da direban da zai yi tuƙi bayan ya kwana bai runtsa ba, da wanda ya ce ya iya ruwa zai kula da yara a bakin dam ɗin Tiga, waɗannan idan aka yi asara ba a mayarwa. A kansu "in Allah ya yarda ba komai" ba amsa ba ce. Addu'a ce mai kyau, amma ita tayar sai an sunkuya an duba ta.

Abin da ke hana mu dubawa kuwa kunya ce. Muna jin nauyin mu ce da aboki ya rubuta sunan wanda ya biya da wanda bai biya ba, kada ya ce mun tuhume shi. Alhali rubutun shi ya fi kowa amfana da shi, don shi ne zai wanke shi ranar da lissafi ya ƙi cika. (Mu marubuta ma muna da laifi: a littattafanmu aboki ko dai waliyyi ne ko maci amana, ba mu cika zana mutumin kirki mai mantuwa ba, alhali shi ya fi yawa a duniya.)

Inda abin ya fi nauyi shi ne idan da 'ya'yan mutane a cikin tafiyar. Uwar da ta ce da kai, "To ɗan nan, ga ƙaninka nan, na ba ka amana," da kai ta yarda. Ba ta san direba ba, ba ta san abokin abokinka da ya ce zai riƙe hannun yaron ba. Kuɗinka kana da ikon ka yi ganganci da su, ka ba wanda ka ga dama, amma wannan yardar aro aka ba ka, ba ka da ikon ka ara wa wani. Idan kana son ka shiga ruwan Wikki ka yi ninƙaya, ko dai yaron ya tsaya inda idonka ke kansa, ko kuwa ka haƙura ka zauna tare da shi a bakin ruwa har lokacin komawa mota ya yi.