Masu Dafa Dutse

Ya ku ma'aikatan ramin haƙar ma'adinai da masu tsayuwa bakin wuta! Ku da kuke sammako ku dawo fari fat da ƙura, ku san darajar dutsen magnesait da ke hannunku.

Ba dare ɗaya ya samu ba. A Veitsch ta ƙasar Ostiriya, inda aka fara haƙarsa a 1881, asalinsa dutsen farar ƙasa ne da ya kwanta a gindin wani teku fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce. Ruwa mai ɗauke da sinadarin magnesiyam ya riƙa kutsawa cikinsa, yana korar kalsiyam yana zama a gurbinsa, ƙwaya bayan ƙwaya. A tsibirin Ebiya na Girka kuwa, ruwa mai iskar kabon ne ya bi tsagogin koren dutsen safentin, ya ci shi sannu a hankali, ya bar farin magnesait jijiya-jijiya a cikinsa.

To, nan aikin ƙasa ya tsaya, naku ya fara. Ku ke fasa shi, ku tsince mai kyau, ku loda, ku kai shi wuta. A gashin nan kusan rabin nauyinsa ke tashi ya bi iska. Abin da ya saura kuwa ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,800. Da shi ake buga bulon da ake jerawa a cikin tukunyar narka ƙarfe da murhun siminti da zafinsa ke kai digiri 1,450. Ba don bulon nan ba, da tukunyar ce za ta riga ƙarfen narkewa.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ku kam kullum kuna dafa shi, tun daga Liyawnin ta ƙasar Sin har Satka ta Rasha. Duk rodin da ke riƙe da gada, duk buhun simintin da ya ta da asibiti, da guminku a ciki.

Saboda haka kada wanda ya raina sana'arsa. Ku rufe hanci da baki, don huhu ba shi da sifiya. Ku koya wa na baya aikin. Ku haɗa kai ku nemi haƙƙinku ido da ido, don romon nan da rabonku a ciki. Allah Ya ƙara ƙarfi, Ya sa albarka a nema!