SHIN TAUSHI RAUNI NE?

'Yan'uwana mata, tun muna ƙanana ake ce mana mace da taushi aka san ta. Na daɗe ina tambayar kaina, wai wannan magana yabo ce ko kuwa dabarar sa mu yin shiru?

Akwai wata halitta a teku mai hannuwa takwas, Turawa na kiran ta oktofus. Ba ta da ƙashi ko ɗaya. Takan matse jikinta ta bi ta 'yar ƙaramar kafa, ta ɓullo ɗaya gefen yadda take. Dalili kuwa, namanta yawanci ruwa ne, shi kuma ruwa ba ya matsuwa, in an danne shi nan sai ya miƙe can. Haka harshenki yake aiki, haka ma hannun giwa. A shekarar 2016 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun kwaikwaye ta, suka ƙera wata 'yar na'ura ta roba mai suna Octobot, ba batir, iska ce ke kumbura hannuwanta su motsa. Kin ga ashe taushi ba abin rainawa ba ne.

Amma fa a jikin halittar nan akwai abu ɗaya mai tauri, wato bakinta, mai kama da na aku. Duk kafar da bakin bai wuce ba, to ita ma ba ta wucewa.

Masana sun raba taushi gida biyu. Akwai irin na roba, ki ja ki saki ta koma yadda take. Akwai irin na ɗanyen yumɓu, da kin danna yatsa shatin ya zauna ke nan. Ita ma robar tana da iyaka: dubi ta wandon yaro, yau ja gobe ja, wata rana sai ta saki, ba ta ƙara komawa.

Haƙuri da ɓacin ran yini ɗaya, ki kwana ki tashi kina yadda kike, wannan na yarda da shi. Amma duka, da hana abinci, da hana ki gaida iyayenki? Wallahi na ga matan da shekara goma ta "yi haƙuri" ta sa ko dariyarsu ta da ba ta dawo ba. In sun kai ƙara gida, tun daga zaure ake juyo su, ba wanda ya tsaya ya tambayi me aka yi musu.